Mma Kubura Ta Ajiye Kwarashi

Duk wanda ya biyo ta layin bayan tashar manyan motoci a Zongo da misalin ƙarfe bakwai na safe, hancinsa ne zai kai shi wurin Mma Kubura tun idonsa bai gan ta ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan tana sayar da ayimolu a wannan kwana, wato shinkafa da waken nan namu da ake zuba wa soyayyen yaji da ɗan kifi. Direbobin da za su kama hanyar Wagadugu da Yamai, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, da suka jingine baburansu a bakin kwata, 'yan makaranta cikin kakinsu, kowa da kwanonsa, kowa kuma ta san yawan yajin da yake so ba sai ya faɗa ba. Kafin sha ɗaya ta yi, tukunya ta ƙare. 'Yarta Salamatou ta kwashe kwanuka, ita kuma ta shiga ɗaki ta ɗan miƙe ƙafa.

Wannan ita ce sana'arta. Da ita ta ci, da ita ta aurar da 'ya'ya huɗu. Amma ba a kan sana'ar zan yi magana ba yau.

Bayan sallar azahar sai ta fito tsakar gida da wani tsohon gwangwanin biskit wanda fentinsa ya goge. Kafin ta taɓa murfin sai ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta ɗauraye, ta kai yatsun hancinta ta shinshina. In akwai sauran ƙamshin mai ko yaji, ta sake wankewa. Sannan ta shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, ta zauna a inuwar mangwaro, ta ciro kwarashi da zaren ulu. Daga nan har la'asar, za ta amsa gaisuwarka, ta tambayi mutanen gidanka ɗaya bayan ɗaya, amma idonta ba zai bar hannunta ba.

Kayan jarirai take saƙawa: hula, safa, ɗan bargo. Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. In aka yi haihuwa a unguwa, kafin ranar suna za a ga aikenta a naɗe cikin farar takarda. Gidan Bahaushe, gidan Bazabarme, gidan Kotokoli, gidan Bayarabe, har maƙwabtanmu masu zuwa coci, babu bambanci. Akwai magidanta masu gemu a Zongon nan waɗanda farkon abin da ya hau kansu a duniya daga hannunta ya fito.

Watan jiya ta rufe gwangwanin, ta ce ta gama. Ba a kafa rumfa ba, ba a raba kalanda da hotonta ba, babu wanda ya riƙe lasifika ya faɗi alherinta. Shi ya sa ni Hanane, da na yi shekara huɗu ina zama a gefen tabarmarta, na ga ya zama mini dole in rubuta abin da na gani da idona, da abin da na ji daga bakin waɗanda suka gani.

Ba a wannan Zongon aka haife ta ba. A tsohon Zongo na cikin gari aka haife ta, wanda aka tasa a shekarar saba'in da bakwai aka kwaso mutane zuwa nan bayan Agoè, lokacin nan wurin duk daji ne. Mu da muka taso daga baya a bakin tsofaffi kawai muka san shi. In Mma Kubura tana ba da labarinsa sai ka ji kamar ka tashi ka je ka gani: lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa a cikinsu, iskar teku da ke shigowa da yamma tana kaɗa labule, yadda yarinya za ta taka da ƙafa zuwa babbar kasuwar Asigame ta sayo gishiri ta dawo miya ba ta tafasa ba.

A bakin wancan Zongon akwai wata mata 'yar ƙabilar Mina mai sayar da gawayi, sunanta Da Akossiwa, wadda ta koyi saƙa a wurin sistocin coci tun tana yarinya. Duk sa'ad da aka aiki Kubura sayen gawayi sai ta daɗe, tana tsaye da kwano a ka tana kallon yatsun matar. Ran nan Da Akossiwa ta miƙo mata kwarashin ƙarfe, ta ce mata da Hausarta ta kasuwa, "Kallo ya isa. Zauna."

Hannunta ya kama da wuri. Da bakinta ta gaya mini cewa a lokacin sauri ne abin alfaharinta. Tana iya gama safa ƙafa biyu tsakanin azahar da la'asar, mata suna ta sa mata albarka, ita kuma kanta yana ƙara girma.

Tana da shekara goma sha tara matar wanta ta haifi namiji, aka sa masa Garuba. Ta saƙa masa safa ruwan ɗorawa. Kwana uku bayan suna, aka yi wa yaro wankan safe, aka sa masa safar, domin lokacin sanyin Agusta ne. Ba a jima ba ya tsala kuka. Ya ƙi nono. Aka jijjiga, aka goya, aka ce ciwon ciki ne aka gasa masa, aka kira malam ya yi tofi. Har la'asar kuka bai tsaya ba, muryarsa ta dishe. Sai ga Da Akossiwa ta shigo kawo gawayi. Ta tsaya ta saurara, ta sauke kayanta, ta ce a tuɓe shi tsirara a duba shi daga ka har ƙafa. Da aka zare safar hagu, ɗan yatsan da ke bin babba ya kumbura ya yi baƙi kamar ɗinya. Wani silin zare da Kubura ta bari a cikin safar ba ta ɓoye shi ba, shi ne ya naɗe yatsan ya nutse cikin fata. Da gudu aka kai shi asibiti. Nas ɗin da ta cire zaren ta ce da ya kwana a haka, da sai an yanke yatsan.

Garuba yau direban tirela ne, furfura ta fara fito masa. In aka tayar da zancen, dariya yake yi, ya cire takalmi ya nuna zoben tabon da ke jikin yatsan, ya ce, "Ga tambarin Gwaggo nan. Ni kaɗai ta yi wa a duk Zongo."

Ita ba ta dariya. Ta ce mini babu wanda ya zage ta a ranar, kuma da an zage ta da ta fi samun sauƙi. Wanta cewa ya yi, "Ƙaddara ce, Kubura. Ai alheri kika yi niyya, kyauta ce." Wannan kalma ta "kyauta ce" ita ta fi komai yi mata ciwo. Washegari ta yafa gyale ta bi gida goma sha ɗaya, duk inda ta taɓa kai safa, tana roƙon a dawo mata da su. Gida ɗaya sun koma Sokode, ta ba wani direba saƙo ya kai musu. Ta zauna ta juya kowace safa ciki waje. A cikin uku ta sami irin wancan silin.

Wata shida ba ta taɓa kwarashi ba. Da Akossiwa ce ta biyo ta har gida ta ce, "Ni ban ce ki bari ba. Kin koyi farawa, yanzu ki koyi gamawa." Ta nuna mata yadda ake zira wutsiyar zare a allura a nutsar da ita cikin saƙar, a yi gaba, a dawo baya, a sake yin gaba, ta yadda ko an yi wanki ɗari ba za ta leƙo ba. Shekarar da ta biyo baya aka rushe unguwa. Kubura ta biyo danginta zuwa nan, Da Akossiwa ta koma wajen Bè wurin 'ya'yanta. Sau biyu kawai suka ƙara haɗuwa. Na uku, jana'izarta Kubura ta je, ita kaɗai mai hijabi a ƙofar coci.

Ni kuwa ba ta wannan hanya na shiga saƙa ba. Sakatariya ce ni a wani kamfanin fito da kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Lokacin korona, da aka zaunar da mu a gida, na fara kallon masu saƙa a waya don kashe lokaci. Na yi jaka, na yi abin ɗora kofi, ina ɗaukar hoto ina sawa a waya, ƙawaye suna turo mini "trop joli", wato ya yi kyau sosai, da hoton zuciya. Da ƙawata Zahida, wadda ke aure a Avédji, ta kusa haihuwar fari, na sayo ulu ja da fari mai araha na yi sati uku ina saƙa mata bargon jariri. Da na gama na ɗauka na kai wa Mma Kubura, domin ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata. Gaskiya ba shawara na je nema ba. Yabo na je karɓa.

Ko kallon fuskar bargon ba ta yi ba. Ta juya bayansa. Ta bi shi da tafin hannu a hankali, tana tsayawa a kan kowane ƙulli. Ta zira ɗan yatsanta a wata ƙofa ya fita ta ɗaya gefen. Ta jiƙa bakin ƙyallen cinyarta da ruwan buta, ta goga a kan jan zaren, ta nuna mini. Ƙyallen ya yi ja-ja.

"Kin jiƙa zaren nan kin gani ko yana zuba kafin ki fara?" ta tambaye ni.

Na ce, "Mma, ai ba sayarwa zan yi ba. C'est juste pour le plaisir. Don nishaɗi ne kawai."

"Nishaɗin wa?"

"Nawa mana."

"To ki kai shi ɗakinki ki rufa." Ta ninke bargon ta ɗora mini a cinya. "Hanane, in na sayar wa direba ayimolu ya tauna tsakuwa, gobe zai zo ya tsaya a kaina ya yi mini tijara a gaban mutane, ko ya koma wurin wata. Mai saye yana da baki. Wanda kika ba kyauta ba shi da baki. Na gode kawai zai ce, ko da abin yana cizonsa. Jariri kuwa ko na goden ba zai iya ba, sai kuka. To wa zai duba miki aikin in ba ke ba?"

Raina ya ɓaci. A hanya ina ta ce wa kaina tsofaffin nan ba su iya ƙarfafa wa mutum gwiwa ba. Ranar suna na kai bargona, aka ɗaga shi sama, aka yi ta ɗaukar hoto.

Bayan wata biyu aiki ya kai ni Avédji, na biya gidan Zahida ba tare da na kira ta ba. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Tun daga tsakar gida na hango ta, da ta ji sallamata, ta yi wuf ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado ta lulluɓa wa yaron. Tsakar rana, cikin zafin Fabrairu. Bargona ne. Ya tsuke, ya karkace, farin ya koma ruwan hoda mai datti, wutsiyoyin zare sun firfito kamar gashin masara. A kan igiya kuwa ga 'yan rigunan yaro farare duk sun yi dabbare-dabbare. Na tambaya, Zahida ta ce sabulu ne mai ƙarfi. Surukarta da ke zaune tana tsince shinkafa ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba, "Ba sabulu ba ne. Bargon nan ne aka haɗa a wanki ya ɓata kayan yaro kaf."

Zahida ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ita da aka cuta, ita ce kuma ke jin kunyata. Na ɗauke bargon daga jikin yaron, wanda ya riga ya fara gumi, na cusa a jaka. A bayan zemijan na yi kukana, har mai babur yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Ban wuce gida ba, wurin Mma Kubura na nufa. Na shirya jin "ai na gaya miki". Ba ta faɗa ba. Ta kalli bargon, ta kalle ni, ta ce, "Kin ci abinci?" Da na gama ci ta ce, "Wanke hannunki ki zo." Zaren ba ya da sauran amfani, amma duk da haka ta sa na warware shi layi bayan layi, don in ga da idona inda kowane kuskure ya faro. Sati shida na yi a kan sabon bargo. Yaron Zahida yau yana zuwa makarantar raino, ƙanwarsa ce ke rufa da shi, bai canja ba.

Daga ni sai wasu suka biyo. Kafin shekara ta zagayo mun zama mu takwas masu zama a tsakar gidanta duk ranar Asabar bayan azahar, daga mai shago sai malamar makaranta sai matar gida.

Daminar bara wata ungozoma 'yar unguwarmu, Madam Asiyatu, ta zo da roƙo. Ta ce a inda take aiki bakwaini suna yawa, jariran da aka haifa watanninsu ba su cika ba. Zafin jikinsu ta ka yake fita, hulunan kasuwa kuwa sun yi musu yawa, ga ɗinki mai kauri a ciki. Tana son hula arba'in, kowace girman lemon zaƙi. Muka ce an gama. Cikin sati uku muka tara hamsin da biyu, muna ta murna mun wuce adadi.

Ranar dubawa Mma Kubura ta sa aka kawo mata lemo ɗaya. Kowace hula sai ta sa wa lemon ta ga zamanta, sannan ta juya cikinta ta goga a kumatunta. Wadda ta wuce ta ajiye dama, wadda ba ta wuce ba ta ajiye hagu. Tarin hagu sai ƙaruwa yake. Goma sha tara. Biyu nawa ne.

Wata Hajiya a cikinmu, babbar mace, hula bakwai ta kawo, shida suka tafi hagu. Ta miƙe tana gyara gyale ta ce, "Ni dai sadaka na yi. Allah ya ga niyyata."

Mma Kubura ta ce, "Ya gani, Hajiya, Allah ya ba ki lada. Amma kan yaron nan da ke kamar ƙwai ba niyya zai kwanta a kai ba. A kan ƙullin nan zai kwanta."

Hajiya ta fita. Har yau ba ta dawo zaman Asabar ba, ko da yake suna gaisawa lafiya lau a wurin suna da ta'aziyya. Na rubuta wannan ne don kada a zaci kowa ne ke jin daɗin halin Mma Kubura. Akwai waɗanda suka ce ta cika tsanani, kuma ba ta taɓa ba su haƙuri a kan haka ba.

Bayan fitar Hajiya sai ta turo mini nata guda goma ta ce, "Hanane, duba nawa." Ƙa'idarta ce, ba wanda aikinsa ke fita sai wani ido ya bi shi. Shekara uku ina duba nata, ban taɓa samun ko ɗigo ba, har abin ya zame mini al'ada kawai. Ta farko lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku, wata shuɗiya, sai yatsana ya ji abu. A tsakiyar ka ta tsallake ido ɗaya ya bar ƙofa, a gefen ƙofar kuma ga wutsiyar zare, tsawon gaɓar yatsa, a sake. Irin silin da ya kusa cinye yatsan Garuba.

Na dunƙule hular a hannu. Na yi niyyar in sulala ta cikin jaka in gyara a gida, babu wanda zai sani.

"Kin yi shiru," in ji ta.

"Ba komai, Mma."

"Kawo."

Na miƙa mata, na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ta kawo hular dab da fuskarta, ta nisanta ta, ta karkata wajen hasken rana. Sannan ta runtse ido ta bi wurin da yatsa. Ta daɗe a haka.

"Ban gan shi ba," ta ce. "Wallahi har yanzu ba na ganinsa. Ji kawai nake yi."

A nan ne Salamatou, da ke tsaye a ƙofar madafa, ta fashe da kuka. Ta ce wata da watanni ke nan Mma ba ta gane masu sayen abinci sai sun yi magana, amma ta hana ta faɗa wa kowa. Yanar ido ce ta rufe mata gani.

Mma Kubura ta kama wutsiyar zaren ta ja. A gabanmu hular ta warware tun daga baki har tsakiya, ta naɗe zaren a yatsu, ta ɗora shi a kan tarin hagu. Ta ce, "Ashirin ke nan. Ku ɗauki kwarashi."

Sati biyu muka ƙara kafin muka kai wa Madam Asiyatu hula arba'in da shida. Ita ce ta gaya mini daga baya cewa ba ta taɓa samun ɗaya da ta bar ja a fatar jariri ba, kuma iyaye in an sallame su sukan roƙa a bar musu tasu su tafi da ita. Wata shida bayan haka wata mata daga Bè-Kpota, mai sayar da ƙyafaffen kifi, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan. Ba ta jin Hausa. Ta kwance goyo ta ɗora wa Mma Kubura yarinya a cinya, ɓul-ɓul da ita, sannan ta ciro 'yar hula daga bakin zane ta ɗora a kan yarinyar don a ga yadda ta yi mata kaɗan, ko rabin kan ba ta rufe ba. Suka yi ta hira da yaren Mina, Mma tana shafa kan yarinyar. Ina zaune a wurin. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba.

Ta ƙara kusan shekara tana saƙa, ina bi ina dubawa, kurakuran suna ƙaruwa. Watan jiya ta ce ya isa. Muka roƙe ta. Na ce, "Mma, ki ci gaba mana, mu za mu riƙa gyarawa." Ta ce, "In sai an bi bayana ana gyarawa, aikin ba nawa ba ne, sunana ne kawai a kai. Kuma ranar da idonku ya tsallake fa?" Amma ba ta bar zaman Asabar ba. Tana nan a inuwar mangwaro, tana bin aikinmu da yatsa da kumatu, kuma har yanzu tana kama abin da mu masu ido muka wuce.

Yau a Zongo masu aikin hannu don sha'awa sun yi yawa, abin farin ciki ne. Wannan tana haɗa jakar duwatsu, wancan yana surfanin hula bayan ya taso daga shago, wata tana sabulu, wata kek. Sai dai da yawanmu, da zarar an nuna mana aibi, sai mu fake da cewa ai mu ba 'yan sana'a ba ne. Ni ma na faɗi haka. Amma da na zauna na duba, mai sana'a ne ma ke da uzuri: mai kaya yana tsaye a kansa, sallah ta matso, yara suna jiran cefane. Mu fa? Wa ke korarmu? Lokaci shi ne abin da muka fi mai sana'a, in muka yi aikin ganin dama ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi.

Na kuma taɓa zaton tsanani yana kashe daɗin aiki. Daɗin bargona na farko kwana ɗaya ya yi, ranar da aka ɗauki hoto. Na biyun kuwa duk sa'ad da na shiga gidan Zahida na gan shi a kan yarinya, sai in ji sanyi a raina. Mma Kubura ba ta taɓa hana ɗan koyo kuskure ba. Akwai buhu guda a bayan ƙofarta cike da karkatattun saƙe-saƙenmu, da su ake sauke tukunya daga wuta. Abin da ta hana ɗaya ne, ka ɗauki abin da ka san bai yi ba ka naɗe a takarda ka miƙa wa mutumin da kunya ba za ta bar shi ya dawo maka da shi ba.

Mma, ke ce wadda kika yi kuskure ɗaya kina budurwa, kowa ya yafe miki, ke kika ƙi yafe wa hannunki har ya gyaru. Ke ce kika tashi tun asuba kika sha hayaƙi, da rana kuma maimakon ki huta kika zauna kina yi wa 'ya'yan mutane sutura, shekara hamsin, babu wanda ya sa ki, babu wanda ya biya ki. Ke ce kika iya ce wa Hajiya a'a, kika iya ce wa 'yar ƙawarki a'a, ranar da abin ya zo kanki kuma kika ce wa kanki a'a a gaban ɗalibanki, ba ki nemi rangwame ba. Kubura uwar jarirai, mun gode. Zahida ta gode, Madam Asiyatu ta gode, mai kifin Bè-Kpota ta gode, waɗanda suka sa hularki suna kwana bakwai a duniya ba su san sunanki ba, a madadinsu ma mun gode. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya jiƙan iyayenki, ya ba ki daɗin 'ya'ya da jikoki.

Ku kuma 'yan'uwana masu allura da kwarashi da almakashi, a Zongo da wajen Zongo, ku yi koyi da ita tun tana raye. Ku nemi wanda zai gaya muku gaskiya a kan aikinku, in ya faɗa kada ku yi fushi kamar yadda na yi. Ƙofarta a buɗe take duk ranar Asabar, ba a biyan komai, sai dai mutum ya zo da haƙuri.

Ranar Talata mai zuwa za a yi mata aikin ido na dama. Likita ya ce akwai kyakkyawan zato, ita kuwa ta ce abin da Allah ya yi daidai ne. Duk wanda ya karanta wannan, ya koma gida ya tambayi mahaifiyarsa wa ya saƙa masa hular suna. In ta ce Kubura ce, to ran Talata da safe ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a. Na san kuna da yawa.